Babi na Bakwai: Ruwan da Ya Sauka a Gonarka

Washegarin ruwan farko, Baffana ba ya karya kumallo sai ya je gona ya dawo. Yakan tsuguna a tsakiyar tsohuwar kunya, ya tona ƙasa da hannu, ya ga inda danshi ya tsaya. In yatsunsa suka ci karo da busasshiyar ƙasa tun bai yi nisa ba, sai ya karkaɗe hannu ya ce, "Wannan na kwantar da ƙura ne." In kuwa ya tona har wuyan hannu bai daina jin sanyi ba, to ranar za a fito da iri. Da wannan ma'auni ya ciyar da gida shekara da shekaru, kuma ban taɓa raina shi ba. Abu ɗaya ne hannu ba ya iya yi: ba ya ajiye abin da ya auna. Da kaka in an zauna a ƙofar gida ana musun ko daminar bana ta kai ta bara, kowa da abin da ya tuna yake magana. Wanda geronsa ya yi kyau ya ce ruwa ya wadata, wanda fari ya kama masa gyaɗa ya ce rabon da a ga irin wannan shekara an daɗe. Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa, domin gonakinsu ba ruwa ɗaya suka sha ba.

Wannan magana ta ƙarshe an auna ta da ma'auni. Daga 1990, masu bincike na Faransa tare da hukumar yanayi ta Nijar sun dasa ma'aunan ruwan sama kusan ɗari a kewayen Yamai, a wani aiki da ake kira EPSAT-Niger. Sun ga cewa a damina guda, wurare biyu da tazararsu ba ta wuce kilomita 10 ba suna iya bambanta da fiye da milimita 200 na ruwa. Sun kuma ga cewa yawancin ruwan shekara a wannan yanki daga 'yan manyan hadurra yake zuwa, waɗanda ke tasowa daga gabas su nausa yamma, kuma abin da ke raba shekarar fari da ta albarka galibi yawan hadurran ne, ba girman kowane ɗaya ba. Saboda haka alƙaluman filin jirgin saman Kano ko na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, duk da ingancinsu da daɗewarsu, labarin Kano da Samaru suke bayarwa. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara yana da amfani wajen shiri, haka ma sanarwar cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban farin nan. Amma babu ɗayansu da zai gaya maka abin da ya sauka a bayan gidanku daren jiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya sa na sayi tashar yanayi ta farko ke nan. Ƙaramar na'ura ce mai farfela a ka da mazurari a gefe, an ɗora ta a kan bututun ƙarfe, tana aika zafi da iska da ruwa zuwa wayata. Wata biyu ina murna da ita. Sai a tsakiyar watan Agusta, cikin marka, sabis ya ɗauke a yankinmu kwana huɗu. A cikin kwanakin nan aka yi ruwan da ya cika kududdufai ya kwantar da katangu a unguwa. Da sabis ya dawo na buɗe manhaja, na tarar da fili fetal a wurin kwana huɗun. Na'urar ta auna ruwan, cokalin da ke ƙirga ruwa a cikinta ya yi ta tuntsurewa dare da rana, amma ba ta da inda za ta rubuta, domin an ƙera ta ne ta miƙa kowane adadi ga rumbun kamfanin a intanet nan take, wanda bai samu hanya ba kuma ya bi iska. Jimillar daminata ta wannan shekara ta lalace, kuma babu mai iya gyara ta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau in na buɗe lissafin shekarun sai idona ya fara sauka a kan wannan giɓi.

Don haka in mutum ya zo yana tambayata wace tasha zai saya, kafin mu taɓa zancen farashi ko yawan abubuwan da take aunawa, tambaya ɗaya nake sa shi ya yi wa mai sayarwa: in babu intanet mako guda, ina alƙaluman suke kwana?

Amsoshin da za ka ji iri uku ne, ko da yake masu talla ba sa rarrabe su a fili. Akwai tashar da ba ta da ajiya sai a rumbun kamfani, irin tawa ta farko. Wasu daga cikinsu suna riƙe bayanin ɗan lokaci su tura daga baya, amma ko sun tura, kai baƙo ne a wurin kayanka: da izinin kamfani kake gani, shi ke yanke tsawon shekarun da zai adana maka, kuma yana iya dunƙule tsohon bayani na minti biyar-biyar ya mayar da shi na yini-yini don rage wa kansa nauyi. Ran da ya canza tsari, ko aka sayar da shi, ko ya rufe, ba shawararka za a nema ba. An ga misali a 2018, lokacin da Weather Underground, dandalin da dubban masu tashoshin gida ke tura masa alƙalumansu, ya rufe ƙofar da ya daɗe yana barin masu manhajoji su ɗebi bayanai kyauta, ƙananan manhajoji da yawa suka tsaya cak. Kayan aro ba ya rufe katara. Lissafin ruwa kuwa darajarsa tana cikin daɗewarsa ne. Na shekara ɗaya labari ne kawai, na shekara goma shi ne yake fara nuna maka halin wurin, kuma shekara goma ta fi ƙarfin alkawarin kowace manhaja.

Iri na biyu ita ce wadda allonta na cikin ɗaki yake da ajiyar kansa. Tashoshin Davis na Amurka, Vantage Vue da Vantage Pro2, sun daɗe da suna a nan. Ana maƙala wa tsohon allonsu wani ɗan ma'aji da ake kira WeatherLink, wanda ke ɗaukar layi 2,560 na bayani. Ka yi lissafin da kanka: in ka ce ya rubuta duk minti biyar, layi 288 ke nan a yini, zai cika cikin kwana tara ya fara taka na farko. In ka ce duk rabin awa, zai kai kwana hamsin da uku. Wannan ya ishi mai zuwa gona duk mako da kwamfuta ya kwashe, bai ishi wanda zai bar tasha a ƙauye tun daga shuka har girbi ba. A ɓangaren masu sauƙin kuɗi akwai kayan kamfanin Fine Offset na birnin Shenzhen a Sin, waɗanda ake sayarwa da sunan Ecowitt, a Amurka kuma wasu da sunan Ambient Weather. Allon Ecowitt HP2551 yana da ramin katin memori irin na waya, haka ma ɗan akwatinsu GW3000. Katin yana karɓar bayani a fayil na CSV, wato layuka na lambobi da waƙafi a tsakaninsu, wanda Excel ke buɗewa, kowace kwamfuta ma tana karantawa. Kada ka ji tsoron cikar kati. Rubutun minti biyar-biyar layi dubu ɗari da biyar ne a shekara, kuma duka ɗan ƙaramin wuri suke ci a kan kati.

Iri na uku ya fi wahalar kafawa, amma shi na fi so. A nan tashar tana watsa alƙalumanta a cikin Wi-Fi na gidan, wata ƙaramar kwamfuta kuma tana zaune tana rubutawa. Akwatunan Ecowitt suna da wurin da za ka sa adireshin kwamfutarka su riƙa tura mata kai tsaye, tashar Tempest ma tana watsa nata a cikin gida ga duk na'urar da ke saurare. Wi-Fi da intanet ba abu ɗaya ba ne, kuma mutane da yawa suna haɗa su. Rauta tana iya haɗa na'urorin gida da juna ko da ba ka saka data ko ta sisi ba. Kwamfutar da aka fi amfani da ita ita ce Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba kuma wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba. Manhajojin kyauta ne: WeeWX, wadda Tom Keffer ya fara rubutawa, da Cumulus MX, wadda asalinta aikin Steve Loft ne a wani tsibiri na arewacin Sukotland. Dukansu suna ajiye komai a gida, su zana maka jadawalin wata da na shekara, kuma in kana so su tura kwafi ga dandalin duniya duk lokacin da sabis ya samu. Tsarin da ya dace ke nan: asali a hannunka, kwafi a waje. Wanda bai saba da irin wannan aiki ba ya nemi ɗalibin kwamfuta a cikin dangi, aikin yini ɗaya ne.

Sai dai duk wanda ya zaɓi ajiyar gida a ƙasarmu ya ɗauko wa kansa abokan gaba biyu, wuta da agogo. Na'urar waje ba ta da matsala sosai, tana da ɗan faifan sola da batir. Allon ɗaki da rauta da kwamfuta su ne ke mutuwa in an ɗauke wuta, kuma kowa ya san lokacin da aka fi ɗauke ta: daidai sa'ar da hadari ya taso, wato daidai sa'ar da ka sayi tashar dominta. Wasu alluna suna da ramin batir na ko-ta-kwana, wasu, musamman masu babban gilashi mai launi, ba su da shi. Ka duba wannan kafin ka biya. Mafita ita ce a ware wa kayan nasu ƙaramin batir da faifan sola, kada a jingina su da inbatan gida da ake kashewa in ya yi ƙasa. In za ka yi amfani da fawa-bank, ka gwada shi tukuna, domin da yawansu suna ɗan yanke wuta na daƙiƙa guda lokacin da aka kawo ko aka ɗauke ta NEPA, kuma wannan daƙiƙar ta isa ta kashe kwamfuta. Yawan mutuwar ba-zata yana lalata katin Raspberry Pi, shi ya sa duk ƙarshen wata nake kwafe fayilolin a filashi, in kuma tura wa kaina ta imel.

Maganar agogo ta fi ɓoyuwa. Raspberry Pi, in ban da na biyar, ba shi da agogon da ke ci gaba da tafiya in ya mutu. Daga intanet yake tambayar lokaci. In ya farfaɗo babu sabis, sai ya ɗora daga inda ya tuna, ya yi ta rubuta ruwan Laraba a kan Litinin. Maganinsa ɗan guntun agogo mai batirin kansa, DS3231, da ake maƙala masa, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Allon ɗaki ma ka gwada shi tun ran farko: zare shi daga wuta, kashe intanet, mayar da shi, ka ga ƙarfe nawa zai ce.

Yanzu ga ruwan kansa, wanda a wurinmu shi ne dalilin komai. A cikin yawancin tashoshi, ƙarƙashin mazurarin akwai wani ɗan lilo mai cokali biyu, ko cokali ɗaya mai juyawa. In ruwa ya cika cokali sai ya rinjaya ya zubar, wani ɗan maganaɗisu ya gifta, na'ura ta ƙirga ɗaya. A tashoshin Davis na ma'aunin mita, kowace tuntsurawa milimita 0.2 ce. Dabara ce mai kyau, amma tana da rauni a daidai inda ruwanmu yake da ƙarfi. Lokacin da cokali yake cikin juyawa ruwa bai daina zuba ba, kuma abin da ya zuba a wannan ƙiftawar ido ba ya shiga lissafi. A yayyafi asarar ba ta taka kara ta karya ba. A ruwan da ake yi kamar da bakin ƙwarya, wanda zai sauke milimita talatin ko arba'in cikin rabin awa, cokalin yana ƙirga ƙasa da gaskiya. Ga kuma iskar da ke zuwa a gaban hadari, tana kora ɗigon ruwa a karkace ya tsallake bakin mazurari.

Akwai sababbin tashoshi, irin Tempest da Ecowitt WS90, waɗanda ba su da cokali sam. Suna jin bugun ɗigon ruwa ne a kan murfinsu su ƙiyasta yawansa. Ba abin da zai toshe a cikinsu, kuma suna saurin sanar da cewa an fara ruwa. Amma ƙiyasi ne, kuma girgizar bututu a cikin iska mai ƙarfi ko saukar tsuntsu tana iya ruɗa su. Ga mai son sanin ko ya kwashe shanya, sun isa. Ga mai son yanke shawarar shuka, ni cokali nake ba shi shawara, kuma wanda yake a ware, ba a manne da farfelar iska ba. Dalilin a fili yake. Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ita ce a auna iska a tsayin mita 10, zafi tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa, ruwa kuwa a kusa da ƙasa inda iska ta yi laushi. Tasha mai komai-a-haɗe dole ta zalunci wani don ta gamsar da wani. In ka kai ta saman soro, iskarka ta yi kyau, ruwanka ya ragu, in rufin kwano ne kuma zafin da za ta nuna maka a watan Afrilu na kwanon ne, ba na gari ba.

Kowace irin tasha ka saya, ka dasa ma'aunin hannu kusa da ita. Kwalba ce mai mazurari da bututu mai zane-zanen milimita, ba batir, ba sabis. A Amurka akwai ƙungiyar sa-kai mai suna CoCoRaHS, wadda aka fara a 1998 bayan ambaliyar da ta auka wa garin Fort Collins a 1997, lokacin da aka gane cewa wani ɓangaren garin ya sha ruwa ninkin-ba-ninkin na wani ɓangaren ba tare da ma'aunan hukuma sun nuna ba. Amurka ƙasa ce mai na'urori iri-iri, amma ƙungiyar ma'aunin roba na hannu mai faɗin inci huɗu take sa mambobinta su karanta kowace safiya. A Mali ma, tun 1982 hukumar yanayi ta fara raba wa manoma ma'aunin hannu tare da koya musu yadda za su haɗa abin da suka karanta da ranar shuka. Na'ura tana gaya maka ƙarfe nawa aka fara, ƙarfe nawa aka ɗauke, da irin ƙarfin da ya zo da shi. Ma'aunin hannu yana gaya maka nawa ne. In suka saɓa, na hannun nake bi. Kowace safiya a lokaci guda ake karantawa, a rubuta a littafi mai bango, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, kada a bar wurin fili, domin bayan shekara biyar ba za ka iya bambanta ranar da ba a yi ruwa ba da ranar da ka yi tafiya ba.

Wurin dasawa ya zama fili. Nisan ma'auni daga bishiya ko gini ya kai aƙalla ninki biyu na tsayin abin, in da hali ninki huɗu. Darbejiya mai mita takwas tana son a ba ta mita goma sha shida. A cikin gidajenmu na birni masu katanga ta ko'ina wannan yana da wuya, sai a zaɓi wuri mafi sarari, a kula musamman da ɓangaren gabas inda hadari ke fitowa. Bakin mazurari ya zauna daidai, a sa ma'aunin magina a tabbatar, domin in lilon ya karkata cokali ɗaya zai riƙa cika kafin ɗaya. A kafa bututun da siminti, a kewaye shi saboda awaki da yara. In an ɗaga farfelar iska a dogon ƙarfe, a sa masa waya mai kauri zuwa cikin ƙasa saboda tsawa. Sannan a lura da zangon rediyon da na'urar waje ke magana da allon ɗaki. Ana ƙera su a kan 433 ko 868 ko 915 na megahaz gwargwadon ƙasar da za a kai su, kuma in ka sayi allo na wani zango da ma'auni na wani, ba za su taɓa jin juna ba. Nisan da ake rubutawa a kwali, mita 100 ko mita 300 irin na Davis, na fili ne marar shinge. Katangar bulo biyu da rufin kwano suna cinye mafi yawansa.

Ma'aunin zafi ba ya son dogon bayani. Ya kasance cikin rumfarsa ta fararen faranti da aka jera, wadda ke tare rana ta bar iska ta ratsa, jikar akwatin katakon nan mai tagogi da Thomas Stevenson ya ƙirƙiro a 1864 wanda ake gani a tashoshin hukuma. Rumfa mai ƙaramar fanka ta fi gaskiya da tsakar rana in iska ta tsaya. Ka duba kuma iyakar ma'aunin laimar iska, domin wasu masu araha ba sa sauka ƙasa da kashi 10 ko 20 cikin ɗari, alhali da rana a cikin hunturu iskarmu tana bushewa ta wuce nan.

Akwai wani abu a kan allon da nake roƙon mai karatu kada ya dogara da shi: ɗan hoton rana ko girgije da ke cewa gobe za a yi ruwa. Daga hawa da saukar nauyin iska ake fitar da shi, bisa halin ƙasashen Turai da Amurka, inda faɗuwar nauyin iska ke nufin guguwa na tafe. A ƙasashe masu zafi nauyin iska yana hawa ya sauka sau biyu kowace rana, da hadari ko babu, ya kai ƙololuwa wajen ƙarfe goma na safe da goma na dare, ya yi ƙasa wajen ƙarfe huɗu na yamma da huɗu na asuba. Allon yakan ɗauki saukar la'asar ta yau da kullum ya zana maka ruwa a tsakiyar watan Janairu. Ga hasashe, ka saurari NiMet, ka dubi gabas da maraice, ka lura da juyawar iska zuwa kudu maso yamma da hawan laima a bazara, wanda tasharka za ta nuna maka sarai makonni kafin ruwan farko, kusan lokacin da shamuwa ke dawowa.

Hunturu shi ne jarrabawar kayan. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana kwanta a kan faifan sola ta rage masa ƙarfi, ta shiga cikin farfela, ta taru a maƙogwaron mazurari. Ruwan farko in ya zo sai ya kwaɓa ta ta zama taɓo, ramin ya toshe, ruwa ya tsaya a mazurari kamar a kwano, na'ura kuma ta rubuta sifili a ranar da ta fi kowace muhimmanci a shekara. Zanzaro yana son gina ɗakinsa a ƙarƙashin cokali, gizo-gizo yana ɗaure lilon da zare, tattabaru suna zama a baki su yi kashi a ciki. Don haka a watan Afrilu nake sauke komai in wanke, in canza batura, kuma na lithiyam nake sa wa na waje domin na gama-gari suna yoyo a cikin zafi su ci ƙarfen. Daga nan sai gwajin sirinji. Mazurarin Davis mai faɗin santimita murabba'i 214, alal misali, cokalinsa ya kamata ya tuntsure a kan mililita huɗu da ɗan ɗori. A ɗiga ruwa a hankali a ƙirga. Wannan ne ma ya sa nake duba ko ana samun kayan gyaran tasha ɗaya-ɗaya kafin in saya. Rana tana cin roba, farfela tana gajiya, kuma tashar da za a jefar gaba ɗaya don cokali ya karye ba ta yi araha ba komai ƙanƙantar kuɗinta.

To, in alƙaluman sun taru, me za a yi da su? Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan kowace mita murabba'i, wato lita dubu goma a hekta. Da wannan kaɗai mai rufin kwano zai san girman tankin da zai tara ruwa, mai lambu ya san ban-ruwan da sama ta ɗauke masa. Amma babban amfaninsu a wurina yana ga ranar shuka. A 1988 wani masanin cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, M. V. K. Sivakumar, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita a yankin Sahel: damina ta kama ne in bayan 1 ga Mayu an tara aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan a cikin kwana talatin da suka biyo ba a samu tsaikon ruwa da ya wuce kwana bakwai ba. Rabin farko na ƙa'idar ma'auninka zai ba ka da safe. Rabi na biyu ba mai saninsa sai Allah, amma littafin shekaru yana nuna maka sau nawa ruwan tsakiyar Mayu ya yaudari gonarka aka sake shuka, sau nawa kuma na farkon Yuni ya riƙe. Wannan sani ne da ke ceton iri da taki, kuma babu dandalin da zai ba ka shi in ba kai ka tara ba. Shirin TAHMO, wanda masana daga jami'ar Delft ta Holan da ta jihar Oregon ta Amurka suka kafa, yana da burin dasa tashoshi 20,000 a Afirka kudu da Sahara, ɗaya a kowace tazarar kilomita 30, da yawansu a makarantu. Buri ne mai kyau, ina fatan ya cika. Amma mun riga mun ga abin da kilomita 10 kaɗai ke iya yi a kewayen Yamai.

Da na kai ma'aunin hannu gonar Baffa, ya daɗe yana juya bututun a hannunsa. Ya ce, "Yanzu wannan kwalbar ce za ta gaya mini ranar shuka?"

Na ce, "A'a Baffa, ku ne za ku gaya mata. In kun tona kun ce ya yi, sai mu duba nawa ta nuna mu rubuta."

Haka muka yi damina uku. Ƙanena da ke zaune a ƙauyen su Baffa yana karantawa bayan ya dawo daga masallaci da safe, ya rubuta adadin, a gefe kuma ya rubuta abin da Baffa ya ce. Duk ranar da Baffa ya ce na kwantar da ƙura ne, abin da ke cikin bututun bai kai milimita goma ba. Ranakun da ya sa aka fito da iri kuwa, jimillar kwana biyu ko uku tana kewayen ashirin, wani lokaci ta ɗan haura. A damina ta huɗu ciwon gwiwa ya hana shi fita washegarin wani ruwan dare. Ya aika a kira ƙanena, ya ce masa, "Je ka dubo mini kwalbar nan, ka zo mini da littafin."